Ɓarawon Ƙa'ida

Ranar Alhamis ce cikin bazarar da ta wuce, ana sallame sallar Asuba muka tashi daga unguwarmu ta Tandabawi a Makka, ni da maƙwabcina Baba Harisu, a tsohuwar motarsa. Tun da muka dawo, duk wanda ya tare ni a bakin masallaci tambayarsa ɗaya: wai da gaske ne mun keta ƙasar nan tun daga Makka har Khubar don kallon ƙwallo? Da gaske ne. Na lura kowa yana ƙara wa labarin gishiri gwargwadon hannunsa, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda aka yi.

Baba Harisu haifaffen Makka ne. Kakansa ne ya zo a ƙasa daga Haɗeja, ya yi aikin Hajji, bai koma ba. Yana da shago a Aziziyya, inda yake sayar wa alhazai sallaya da carbi da turare. Autansa Faisal ya daɗe yana neman aiki kafin ya samu a wani kamfanin gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a Khubar, can gabas. A can ya haɗu da abokan aiki Filifinawa da Japanawa da Amurkawa, suka jawo shi wasan besbol a ranakun hutu.

Ni kuwa kafin in zo Makka karatu na yi aikin karanta labarai a wani gidan rediyo a Kaduna, kuma labarin wasanni na ƙarshen mako nawa ne. Wajen fassara rahotannin ƙetare na fara sha'awar besbol, har ya zama ina binsa a waya. Ban taɓa ganinsa da idona a fili ba. Baba Harisu bai taɓa kirana da sunana ba, Ɗan Rediyo yake ce mini.

Mafarin tafiyar hoto ne. Wani ɗan 'yar uwarsa ya miƙa masa waya a majalisarmu bayan La'asar, a gaban dattawan unguwa. Ga Faisal ya juya baya yana riƙe da kofi, a bayan rigarsa an rubuta Harami da manyan baƙaƙe. A Larabcin Hijaz harami ɓarawo ne. A ƙarƙashin hoton kuma abokansa suna taya murna ga wanda ya fi kowa sata a bana.

Na yi bayani nan take. Fili ne mai matsaya huɗu. Mai jifa yana jefo ƙwallo, mai bugu ya kai mata duka da kulki, in ya same ta ya ruga matsaya ta farko. Wanda ya zagaye matsayun duka ya dawo gida ya ci ɗaya. In mutum yana tsaye a wata matsaya ya faki idon mai jifa ya ruga ta gaba ba tare da an buga ba, shi ake kira sata. Na ƙara da cewa a littattafan Larabci kowace matsaya sunanta ƙa'ida, wasan kansa kuma ƙwallon ƙa'ida.

A nan na ɓata rawata da tsalle. Baba Harisu yana jin harsunan biyu, kuma ga Bahaushe ƙa'ida doka ce.

"Wato ba ma karya ƙa'idar yake yi ba," in ji shi, "ɗauke ta yake gaba ɗaya."

Dattawa suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce kakansa ya yi shekaru a hanya bai taɓa akuyar kowa ba, ba za a zo kansa a rubuta wa jininsu ɓarawo a gadon baya ba. Zai je ya gani da idonsa. In ya tarar kamar yadda ya ji, a motar nan zai dawo da Faisal ya zauna a shago, aikin Khubar ya ƙare. Baba Harisu ba ya faɗi ya janye. Ya ce in raka shi tun da ni na san yaren ɓarayin, kuma kada a gaya wa yaron muna tafe.

Mun bi hanyar Sailu. A bayan mota akwai jarkar zamzam, da tsiren da ya saya a Rusaifa tun jiya, wanda mutanen Hijaz suka ara daga kakanninmu suka mayar da sunansa sire. Shi ke tuƙi, kuma tuƙinsa na Makka ne: yana ɗauka kowace mota da ke gabansa ta alhazai ce da suka ɓata.

Bayan mun wuce Ɗa'if muka tarar da shingen bincike. Wani matashin jami'i ya karɓi katin Baba Harisu da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ya tambayi inda muka nufa. Da Baba ya ce Khubar kawai, da an wuce wurin. Sai ya amsa da Larabci garau, cewa za mu wajen 'yan ƙa'ida, ɗansa yana cikinsu, an ce ma shi ne babban ɓarawonsu. Kalmar kuwa sunan wata ƙungiyar 'yan ta'adda ce da jami'an tsaro ba sa son ji da safe. Aka ce mu gyara tsayuwa a gefen titi, mu fito.

Na buɗe waya na nuna wa jami'in wani wasa, na yi masa bayanin matsayu kamar yadda na yi a majalisa. Ya kalla, ya kira abokinsa, shi ma ya kalla.

"Besbol," in ji shi. "Wa ya ce muku ƙwallon ƙa'ida? Ba mai faɗin haka sai ƙamus."

Baba Harisu ya nuna ni da haɓa. Suka mayar mana da takardunmu, suka kuma ci tsire.

Daga nan hanya miƙe take har Riyad. Don kada barci ya ɗauki direba, na shiga ba shi tarihi. Na ce wasan ya girma ne a Amurka a ƙarni na sha tara, kuma dokokinsa na farko sun bambanta da na yanzu. A da mai jifa daga ƙasa yake turo ƙwallo, kamar mai jefa wa kaza tsaba. Akwai lokacin da mai bugu ke da ikon cewa a jefo masa sama ko ƙasa, yadda ake zaɓen nama wurin mahauci. Da hannu tsura ake cafke ƙwallo, waɗanda suka fara sa safar fata kuwa ragwaye aka ɗauke su. A wasu garuruwa, in ana son fitar da mai gudu, da ƙwallon ake jifansa.

"Wannan dokar ta yi," in ji Baba Harisu. "Me ya sa suka bari?"

Mun ci mandi a wani gidan abinci na direbobin tirela, a zaune a ƙasa, tire ɗaya. Shinkafar ta yi, naman kuwa ya ga duniya. Gab da Magariba muka sauka a wani masauki gabas da Riyad. Mai karɓar baƙi Basudane ne, baƙi dogo, yana ta Larabci da mu har ya ji Baba yana ƙorafin tsadar ɗaki da Hausa, sai ya ce, "Baba, ai an rage muku." Ashe ɗan garin Mai Wurno ne, shi ma jikan masu tafiya Hajji a ƙasa, nasa kakan a Sudan ya tsaya. Suka shiga lissafin dangi, suka kusa zama 'yan uwa, amma kuɗin ɗaki bai motsa ba.

Na'urar sanyaya ɗakin tana ƙara kamar injin niƙa, ga ruwa tana ɗiga. Baba ya tsaya a gabanta ya saurara.

"Da Faisal yana nan, kafin ka yi alwala ya gyara ta," in ji shi. Sai ya tuna da abin da ya kawo mu, ya kashe ta, ya kwanta.

Mun isa Khubar kafin sallar Juma'a. Iskar garin jiƙe take, kana tsaye rigarka tana manne maka. Bayan La'asar muka nemi filin, yana bayan wani rukunin gidajen ma'aikata. Ni dai na tsaya a bakin shinge ina kallo. Filin ya fi na cikin waya ƙanƙanta, ciyawar ta cinye a wurare, amma jar ƙasar tana nan, farin layin yana nan, kuma ƙarar ƙwallo cikin safar fata ta fi yadda nake zato daɗin ji.

A Makka duk baƙon fuska alhaji ne, don ba mai shiga garin sai Musulmi. Baba Harisu ya shekara saba'in a haka. Mutumin farko da muka tarar wani Bajapane ne mai furfura sanye da sulken alƙalin wasa. "Ya Hajji, ina ake zama?" in ji Baba. Mutumin ya rusuna, Baba ma ya rusuna. Daga nan muka isa teburin wata Bafilifina da ake kira Madam Luz, ita ke rubuta sakamako, ita ke sayar da abinci. Akwai ƙaramin gicciye a wuyanta. Baba ya ce mata Hajja, ta amsa da fara'a, alamar ba yau ta fara jin haka ba.

Ta ba mu wani dogon burodi da jan nama a ciki. Baba ya gutsura, ya tambayi sunansa. Aikin rediyo ya koya mini fassara daidai, don haka na ce a Turance sunansa zazzafan kare. Ya daina tauna. Madam Luz ta ciro ledar ta nuna masa hoton kaza da tambarin halal. Ya duba, ya gamsu, amma ya miƙo mini ragowar, ya ce suna ma yana da hakkinsa.

'Yan kallo ba su cika benci uku ba. Muka zauna kusa da wani dattijo Basaudiye mutumin Ƙaɗif, Abu Jasim, yana ɓare gasassun 'ya'yan kankana da suke kira fisfis yana tofar da ɓawon a kofi. Ya ɗebo ya zuba wa Baba a hannu. Ya ce tun yana yaro ya koyi wasan wurin Amurkawa ma'aikatan man fetur, waɗanda suka zo da shi gabas tun zamanin mahaifinsa. Baba bai gaya masa ko shi wane ne ba.

Aka fara. Wasan turmi-turmi ne kamar dambe, kowane ɓangare ya yi bugu har a fitar masa da mutum uku, sannan a yi musanya. Mafi yawan lokaci ba abin da ke faruwa. Baba ya ga mutum na farko ya zagaye fili, tsakiyar filin tana hagunsa kamar mai ɗawafi, ya ce aƙalla sun san ta inda ake zagaye. Na gwada masa da wasan ɓuya na yaranmu: wanda ya taɓa matsaya kafin a taɓa shi ya sha.

Faisal ya fito da kulki, ga sunan nan a bayansa. Bugun farko ya tura ƙwallo tsakanin mutum biyu, ya isa matsaya ta farko. Yana karkaɗe wando ya ɗaga kai, ya yi ido huɗu da mahaifinsa.

Abu Jasim ya taɓa gwiwar Baba. "Kalli wannan yaron. Yanzu zai yi sata. Ba a taɓa ɓarawo irinsa a filin nan ba."

Baba ya ci gaba da ɓare fisfis.

Faisal bai motsa ba. Ya ɗora ƙafa a kan matsayar kamar an dasa shi. Abokansa suna kira daga benci, Harami, Harami, wani yana shafa hula yana taɓa kunne, wato alamar ya ruga. Yaron yana kallon takalminsa. Aka fitar da na bayansa, turmi ya ƙare yana tsaye a wurin. Da ya sake samun shiga a wani turmin, haka ya kuma yi. Madam Luz ta aika a tambaye shi ko ƙafarsa ce ke ciwo.

"Yau an yi masa asiri," in ji Abu Jasim.

Sai Baba Harisu ya juya gare shi. Ya yi karatun zaure gwargwado, kuma in zai yi tambaya, irin ta alƙali yake yi.

"Wannan ƙa'idar da ake sacewa, ta wace ce?"

"Ta fili ce."

"In ya sace, yana tafiya da ita gida?"

"A'a. Tsayawa yake a kanta."

"A ɓoye yake yi?"

"Ina ɓoyo, ga mu muna kallo, ga alƙali?"

Abu Jasim ya ƙara da cewa ana ba da labari wai wanda ya fara yin haka, tun a ƙarni na sha tara, rugawa kawai ya yi, da aka ce ya koma ya ce a nuna masa dokar da ta hana. Aka duba, babu. Na ƙara nawa: an taɓa wani da ya saci ta biyu, ya ga bai rikita abokan hamayya ba, ya dawo da baya ya saci ta farko, sai da aka kafa dokar hana gudu da baya.

"Wannan shi ne ɓarawon kirki," in ji Baba, "ya mayar da kayan mutane."

Aka kira Magariba, aka tsayar da wasa. Musulmin cikinsu suka shimfiɗa sallaya a gefen fili, Baba ya ja mu salla. Yana sallamewa Faisal ya matso ya sumbaci kansa. Hausar Faisal ta gida ce, rabinta Larabci.

"Abuya, wallahi ba sata sata ba ce. Li'iba ce bas, wasa ne kawai."

"Na tambaye ka?"

"A'a."

"Me ya tsayar da kai kamar jakin da ya ga rami?"

Baba bai jira amsa ba.

"Tun daga Makka na zo in ga ɓarawo. Sata a shari'a sai an ɗauki abin wani, daga ma'ajiyarsa, a ɓoye. Kai ba ka ɗauki komai ba, abin ba na kowa ba ne, kuma alƙali yana tsaye. Wannan ko ƙwace bai kai ba. Amma wa ya rubuta maka wannan a baya?"

Aka kira Madam Luz, ita ta buga rigunan. Ta ce da ya fara zuwa ya ce shi daga Harami yake, wato Haramin Makka, sai ta ɗauka haka ake kiran mutanen wurin, kamar yadda ake ce wa mutumin Masar Masari, na Yaman Yamani. Daga baya Larabawan ƙungiyar suka gaya mata ma'anar, amma a lokacin ya riga ya fara sata, kowa ya ga sunan ya zauna.

"Makkawi ake cewa, ya Hajja," in ji Baba. Ya juya ga ɗansa. "Ban yanke komai ba tukuna. Ka yi abin da ka saba in gani, sannan in san abin da zan yi da kai."

Aka kunna fitilu aka koma. A turmin ƙarshe ƙungiyar su Faisal tana baya da ɗaya, an fitar musu da mutum biyu, saura ɗaya wasa ya ƙare. Mai jifa ya kauce wa Faisal sau huɗu, doka ta ba shi matsaya ta farko kyauta. Ya matsa kaɗan daga kanta, ya sunkuya, yatsunsa suna motsi. Baba ya daina ɓare fisfis. Mai jifa ya waiga, ya sake waigawa, ya ɗaga ƙafa. Faisal ya ruga.

Gudun ya yi kyau, wannan zan iya shaidawa. Amma mai tsugunno bayan mai bugu, wani gajeren Bafilifine, ya cafke ƙwallo ya wurga ta kamar da majajjawa. Faisal ya zube a ƙasa ya silale, ƙura ta tashi, safar fata ta riga ƙafarsa. Bajapanen ya dunƙule hannu ya ɗaga. An kama shi, wasa ya ƙare, sun faɗi.

Abu Jasim ya yi ƙoƙarin rarrashi. Ya ce ɗaya daga cikin mashahuran 'yan wasan Amurka ya taɓa rufe gasar ƙarshe ta shekara da irin wannan kamun, kuma bai rage masa daraja ba.

"Shi ma ubansa yana wurin?" in ji Baba.

Faisal ya zo, jar ƙasa tun daga ƙirji har gwiwa, ya tsaya kai a sunkuye. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Na baro Tandabawi ana cewa ɗana ɓarawo ne. Yanzu in koma in ce musu me? An kama shi?"

"Abuya, yau ne kawai."

"Yau ɗin na zo." Ya kakkaɓe masa ƙasar kafaɗa. "Wanda bai iya fakon idon mutum ɗaya ba, ba zan bar masa shago a lokacin Hajji ba, alhazai su kwashe mini carbi. Zauna a nan ka yi ta gyaran na'urarka. A cire wannan sunan."

Mun kwana a ɗakin Faisal, washegari muka kamo hanya mu biyu kamar yadda muka je. A shingen Ɗa'if aka tambaye mu daga ina, Baba ya ce daga Khubar, bai ƙara ko harafi ba.

Faisal yana nan a wurin aikinsa. An sake buga rigar da Makkawi, ko da yake an ce abokansa ba su daina kiransa da tsohon sunan ba. A wasan da ya biyo baya ya saci biyu ba a kama shi ba. Shago kuma Baba Harisu ya ɗauki wani mutumin Damagaram yana taya shi.